Lahadin da aka sallame mu gaba ɗaya

Har yau idan ƙarshen Nuwamba ya zo, kakar ƙwallon Amurka ta jami'o'i ta ƙare, sai gabana ya riƙa faɗuwa, duk da cewa yanzu ni ne babban koci. Abin da ya same ni wata Lahadi bai sake ni ba.

Karatun digiri na biyu ya kai ni Amurka, na shiga harkar a matsayin GA, ƙaramin mataimakin da ake biya wa kuɗin makaranta a ba shi ɗan abin sakawa a bakin salati. Aikina yanka bidiyon wasa da kwana a kujerar ofis. Kusan kowa ta nan ya bi. Shahararren koci Nick Saban kansa GA ne a Kent State a 1973, sai 1990 ya samu kujerar babban koci a Toledo, shekara 17 yana yi wa wasu aiki. Ni kuwa daga GA aka ba ni 'yan bayan tsaro in horar a wata makaranta ta Division II, wato rukuni na biyu na wasannin jami'o'i, na yi shekara huɗu lafiya lau.

Bayan taron AFCA, ƙungiyar kociyoyin ƙwallon Amurka, da ake yi duk Janairu, aiki biyu suka zo min a mako ɗaya. Wata ƙaramar makaranta ta Division III tana so in zama kodinetan tsaro, albashi kaɗan, amma duk dabarar tsaro daga bakina za ta fito. Ɗayar babbar jami'a ce ta FBS, wato matakin ƙoli na ƙwallon jami'o'i, matsayin da nake kai za a ba ni, albashi kusan ninki uku, ga wasa a talabijin. Tsohon kocina ya kira ni ofis ya ce in daina kallon sunan makaranta, in duba kujerar mutumin da ke ɗaukata ko tana girgiza. Na ce to, ranka ya daɗe, na fita na sa hannu a aikin babbar jami'ar.

Ban tambayi shekara nawa suka rage a kwantiragin babban kocin ba. Ban lura cewa an canja daraktan wasanni ba, kuma sabon ba shi ya kawo kocin ba. Ga kaka biyu a jere da suka sha kashi fiye da nasara. Duk wannan yana intanet, minti goma ya ishe ni in gani. Wannan minti goman da ban ba kaina ba shi ne ke ci min rai har gobe.

Mun buga wasan ƙarshe ranar Asabar. Lahadi da ƙarfe tara aka tara mu a ɗakin taro, aka miƙa wa kowa ambulan: makullin ofis, makullin mota, waya, duk a saka a ciki, kwamfuta a bar ta kan tebur. Babban koci ya tafi da kuɗin sallamarsa. Mutane suna jin Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a Nuwamba 2023 da hakkin sama da dala miliyan 75, sai su ɗauka kora a wannan sana'a arziki ce. Kwantiragina na shekara ɗaya ne, ya kusa ƙarewa. Bizata kuma H-1B ce, a ɗaure take da aikin, da zarar an yanke shi kwana 60 gare ni in samu wani ko in tattara iyalina. Abokan aikina neman aiki kawai suke yi, ni ina neman aiki ina ƙirga kwanaki.

Abin da ya fi min ciwo wata uwa ce. Na zauna a falonta, na ci abincinta, na yi mata alkawarin zan riƙe ɗanta amana idan ya zo mana. Lambarta tana cikin wayar da na saka a ambulan. Sai da na kwana biyu kafin in same ta, ta riga ta ji a labarai.

Aikin kodinetan da na raina tuni an ba wani. Tsohon kocina ne ya rufa min asiri, ya mayar da ni kan matsayin da bai kai wanda na bari ba, bai taɓa cewa ai na gaya maka ba. Sai da na ƙara shekara uku kafin in zama kodineta. Hanyar da na ga ta yi min ƙanƙanta ita koci Lance Leipold ya bi: kofin ƙasa shida na Division III a Wisconsin-Whitewater tsakanin 2007 da 2014, sannan ya haura FBS a Buffalo, sannan Kansas a 2021.

Yanzu a Division III nake, inda ba a ba da tallafin karatu don wasa, rabin aikina neman kuɗi ne da lallashin iyaye. Duk mataimakin da zan ɗauka, kafin ya sa hannu nakan buɗe durowa in ɗora masa kwantiragina a gabansa, ya ga shekarun da suka rage min, in faɗa masa wanda ya kawo ni da ko yana nan. A bana wani yaro ya karanta, ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara da mahaifinsa. Na ba shi mako guda.