Daren da na ce famfon ɗaki ya lalace

Jiya na miƙa rigar aiki da katin buɗe ɗakuna, bayan shekara huɗu da 'yan watanni ina kan kantar karɓar baƙi a wani otal a nan Gombe. Waɗanda muka yi aikin dare tare sun san wurin, ba sai na kama suna ba. Ƙanena da ke neman irin wannan aiki ya ce in rubuta masa abin da na koya. Duk ta inda na ɗauko zancen, sai in ga ya koma kan dare ɗaya.

Watan Fabrairun 2023 ne, saura 'yan kwanaki a yi zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga wata. An sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin sun yi wuyar gani, tsofaffin kowa na gudunsu. Aljihun tebur ɗinmu wayam, POS sai ta ga dama, tiransifa kuwa a tura da azahar ta shigo da asuba. Ga gari cike da 'yan siyasa, ɗaki ya zama gwal.

Bayan magariba wani dattijo ya iso da matarsa daga wajen Biu. Ƙurar hanya har a girarsa. Matar ba ta da lafiya, tana da ganin likita da sassafe a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ɗansu da ke Abuja ya biya kuɗin kwana biyu tun mako guda kafin nan, ni da hannuna na rubuta rasit. Masu shara ba su gama da ɗakin ba, sai na ce, "Baba, ku shiga ku ci abinci, kafin ku gama an shirya." Ya nemi tuwon shinkafa da miyar kuka, ita kuma farfesun kaza, ya roƙa a rage yaji. Daga inda nake tsaye ina hango shi yana fifita mata romon da cokali kafin ya tura mata kwanon.

Suna cikin ci manaja ya kira ni a wayata, ba ta ofis ba. Ya ce tawagar wani babban mutum na hanya, ɗaki goma suke so, namu da ba kowa a ciki takwas ne, in san yadda zan yi in fitar da biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya na dattijo ne da mara lafiya, kuma an biya." Ya ce, "Ka ce musu famfon ɗakin ya lalace. Ko kana so gobe in nemo wanda zai iya aikin?" Ya kashe.

Na tsaya kamar minti biyar ina kallon littafin miƙa aiki a buɗe, ga biro a kansa. Ban rubuta komai ba. Na je teburinsu na durƙusa na faɗi ƙaryar kamar yadda aka ba ni ita. Dattijon ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To ɗana, a ba mu wani." Na ce babu. Ya ce a mayar masa da kuɗinsa ya nemi wani wurin. Nan ma na ce babu tsaba a hannu, sai akanta ya zo da safe. Bai ɗaga murya ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Hannunsa kawai ya wanke, ya gyara wa matar mayafi, ya ce, "Allah ya kyauta. Nuna mana inda za mu sami keke." Na ɗaukar musu jaka har bakin ƙofa. Rabin farfesun na nan a kwano. Daga baya na ji a barandar asibiti suka kwana, a wannan sanyin.

Tawagar ta iso wajen sha ɗaya, ɗaki shida suka kama. Ɗakin Baba haka ya kwana a rufe, da sallaya da buta da sabon zanin gado, ba wanda ya taka shi.

Kwana biyu ɗan ya samo lambar mai otal. Aka tara mu a ofis. Manaja, a gabana, ya ce shi bai san zancen ba, abin da ya faɗa shi ne in duba ko akwai ɗakin da za a iya samu. Mai otal ya ce a kawo littafin miƙa aiki na dare. Aka buɗe shafin: lokacin da wuta ta ɗauke, lokacin da aka tada janareto, baƙon da ya nemi ƙarin tawul, duk da rubutuna. Umarnin manaja babu ko layi ɗaya. Aka ba ni takardar tuhuma, aka dakatar da ni mako biyu ba albashi, aka cire kuɗin ɗakin daga na watan gaba. Shi kuwa har yau yana kan kujerarsa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kirana gefe ya ce in yi haƙuri ba. Sai ma idan an ɗauki sabon yaro ya riƙa ba da misali da ni, wai a kula da yadda ake mu'amala da baƙi.

Na daɗe ina ɗora masa laifin duka, kuma har yanzu ban sauke masa nasa kason ba. Amma bakina ne ya faɗi ƙaryar. Ina da hanya a lokacin: in kira mai otal, ko in ce wa manaja ya zo ya faɗa musu da kansa, ko in ba su ɗakin hutun ma'aikata da muke jingina a ciki. Tsoron rasa aiki ya rufe mini ido.

Tun daga ranar, duk umarnin da ya shafi ɗaki ko kuɗi, ko daga bakin wa ya fito, sai na rubuta shi da lokaci da suna, in tura wa mai shi saƙo: "Kamar yadda ka ce, ranka ya daɗe." An kira ni mai taurin kai. Abin da na lura shi ne, da yawa daga irin waɗannan umarni da zarar an ce a rubuta sai mai su ya ce a bari kawai. Ban sake fitar da baƙon da ya biya ba, ko da kuwa motoci masu jiniya ne cike da harabar.

Sauran abubuwan ƙanana ne, ƙanena, aiki zai koya maka. Kada ka ba da makulli don an nuna maka alat a waya, sai kuɗi sun zauna a asusu. Kada ka faɗi lambar ɗakin baƙo da ƙarfi, musamman mace ita kaɗai. Ka faɗa wa mai cin abinci tun farko cewa akwai harajin kashi 7.5 a kan farashin da ya gani, kafin takardar kuɗi ta zo ta jawo rigima. Ka girmama mai janareto da masu wankin zannuwa da yaran kicin, su ke riƙe da otal, musamman tun da mai ya yi tsada. Wanda ya ce a tashe shi don jirgin safe a filin jirgin sama na Lawanti, ka buga waya, in bai ɗauka ba ka taka ka ƙwanƙwasa.

Na taɓa neman lambar ɗan dattijon a tsohon rasit na kira. Na faɗi sunana da laifina. Ya yi shiru, sannan ya ce zai gaya wa Baba, mahaifiyarsu kuwa Allah ya yi mata rasuwa bayan azumin shekarar. Na yi masa ta'aziyya. Bai sake kira ba, ni ma ban sake ba.