Kuɗin Mota Daban, Kuɗin Hanya Daban

Duk wanda ya zo min da maganar shiga harkar sufuri, tambayarsa ta farko ita ce nawa ake sayar da babbar motar ɗaukar kaya irin DAF ko Howo yanzu. Ni kuma sai in ce masa, bayan ka sallami dillali, nawa zai rage a hannunka? Wannan ragowar ce za ta fitar da motar kan titi. Akwai takardu da inshora, da na'urar ƙayyade gudu da jami'an kiyaye haɗurra ke dubawa, da tampol da igiya da jak, da kuɗin ƙungiya a tasha, da kuɗin hanyar direba da yaronsa. Daga kasuwar Dawanau zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, gas ɗin zuwa kawai ya isa ya girgiza aljihu, mai kaya kuma sau da yawa ba ya cika maka kuɗinka sai an sauke.

Amma inda sabon shiga ya fi faɗuwa shi ne taya. Tirela mai taya 22, ko guda huɗu suka gaji tare, ribar watan ta tafi. A wurin kawuna na koyi wannan, lokacin ina yaron mota a tsohuwar Marsandi 911 ɗinsa. Duk inda muka tsaya, ko Tegina ko Mokwa, kafin a nemi abinci sai na zagaya da ƙarfe ina bugun tayoyi ɗaya bayan ɗaya, shi yana zaune yana saurare. Daga ƙarar yake gane wadda iska ta ragu. Shi ya nuna min lambobi huɗun nan da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Allah ya jiƙansa. Har yau ba a ɗaura taya a motarmu sai na karanta lambar da idona, domin akwai marasa tsoron Allah da ke sassaƙa wa sulɓaɓɓiyar taya sabon zane su shafe ta da baƙi. Haka kayan gyara: a ce maka ɗan Beljiyam ne, ka ɗaura, kafin Jebba ya watse.

Lodi ma sana'a ce. Buhun riɗi ko wake ba jibga shi ake yi ba, jera shi ake yi yadda nauyi zai zauna daidai kan ƙafafun mota. Da damina tampol biyu muke rufawa, don ruwan da ke jiranka daga Ilori zuwa Badun ba irin namu ba ne. Albasa kuwa iska take so, in ka toshe ta ruɓewa za ta yi.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na faɗi kuɗin ɗaukar kaya, mai kaya ya ce, "Haba Alhaji, wane ya yi min ƙasa da haka." To, wanen nan zai lafta wa motarsa fiye da ƙarfinta, ya yi kwanaki a daji yana jiran bakanike, kayanka na shan rana. Mu a kowace tafiya sai mun ware kuɗin taya da na baƙin mai da na bakanike kafin mu kira sauran riba, kuma da wannan lissafin muke yanka farashi. Mai kayan da zai kai kudu ya zo ya zagaya motarmu, ya duba ƙafafunta da birkinta, sannan mu zauna ciniki.