Darasin kujera ta bakwai

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin kabad ɗin magani, na yi sallama da sashen wankin ƙoda bayan shekara 9. Ƙannena da na bari a sashen sun roƙe ni in rubuta musu wani abu kafin in yi nisa. Harkar inji da allura kun riga kun iya ta, wasunku ma sun fi ni hannu a kan fistula mai wuyar samu, wato jijiyar hannu da ake haɗawa don soka allurar wankin. Don haka zan ba ku labarin mutum ɗaya, wanda har yau in na ga sikeli sai ya faɗo mini a rai.

Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mini Sista, in ransa ya yi fari ya ce 'yata. Rukunin safe yake, Litinin da Laraba da Juma'a, kujera ta bakwai. Shekara 2 bai taɓa fashi ba, bai taɓa makara ba, ruwan da yake tarawa tsakanin wanki da wanki da wuya ya haura kilo 2. Irin majinyacin nan ne da muke nuna wa sababbi mu ce ku yi koyi da shi. A kujera ta takwas akwai abokinsa, a nan sashen suka san juna. Awa 4, sau 3 a mako, suna gefe da gefe, kowa hannunsa ɗaya a miƙe ba halin motsi, suna musun ƙwallo, suna tsokanar juna a kan wanda jininsa zai riga sauka. Awa 12 ke nan duk mako. Akwai 'yan'uwa na jini da ba sa samun haka da juna a wata guda.

Abokin ya rasu a gida daren wata Lahadi. Kun san doguwar tazarar nan ta ƙarshen mako, daga Juma'a zuwa Litinin, ita ta fi ɗauke mana mutane. Da safe aka sa wani a kujera ta takwas, don ba a barin inji a zaune alhali ga masu jira. Ina cikin manna wa Baba filasta ya dubi gefensa ya ce, "Sista, ina maƙwabcina?"

Na ce, "An canza masa lokaci ne, Baba."

Ƙarya na yi masa, kuma da umarni na yi ta. Shugabar sashen ta kafa doka tun kafin zuwana cewa ba a faɗa wa majinyata mutuwar ɗan'uwansu, wai zai karya musu zuciya. Na tarar ana yi, na bi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Kafin Laraba ya ji gaskiya a bakin ƙofa daga wajen masu rakiya, waɗanda ba abin da ke ɓoye musu. Bai ce mini uffan ba. Ya miƙo hannu, na soka allurai biyu, ya juya fuskarsa bango. Daga ranar bai sake ce mini 'yata ba.

Nauyinsa ya fara hawa. Kilo 3, kilo 3 da rabi, wata Litinin har 4 da ɗoriya, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. A nan kan sikeli, a gaban jama'ar da ke layi, na rufe shi da faɗa. Na ce, "Baba, me ka sha haka? Ka manta abin da muka faɗa maka ne? Da girmanka sai an yi ta bin ka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gaji, Sista."

Kunnen ma'aikaciyar jinya na sa na saurare shi. Gajiya a wurinmu tana nufin ƙarancin jini, don haka na ɗebi jininsa na kai gwaji, na roƙi likita ya sake duba allurar ƙarin jini da ta sinadarin ƙarfe da ake yi masa. Sakamako ya fito bai bambanta da na watan baya ba, ni kuma hankalina ya kwanta. Ya sake faɗin kalmar nan sau biyu a makonnin da suka biyo. A karo na uku ya ƙara da cewa, "Wai har yaushe za a yi ta yin wannan abin?" Na ce ya yi haƙuri. Injin kujera ta biyar ya yi ƙara, na ruga can, ban dawo kan maganar ba.

Tarkon da ke aikinmu ke nan, kuma na faɗa cikinsa dumu-dumu. Rashin barci, rashin cin abinci, kasala, mantuwa, duk alamomin ciwon damuwa ne, duk kuma ciwon ƙoda da kansa yana kawo su. Mai neman uzuri ba zai rasa ba: ya ce dattin jini ne, ya ce ƙaiƙayi ne ya hana shi barci, ya ce jigatar bayan wanki ce. Abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne mutumin da ya shekara 2 yana riƙe ƙishirwarsa da kofi ɗaya ƙarami, rana ɗaya ya saki. Ƙishirwar tana nan yadda take tun farko. Dalilin jure mata ne ya rasa.

Na yi wani abu guda, kuma shi ma ban yi shi daidai ba. Na sa likita ya rubuta masa takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa, ranar Talata, a wani gini daban. Na miƙa masa a tsaye, ina cire safar hannu, na kusa da shi suna ji. Ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Yanzu kuma hauka kuka ga ina yi?" Ya ninke ta ya sa a aljihu. Mutumin da asibiti ya riga ya cinye masa kwana 3 a mako, sauran ranakun kuma rabinsu yana kwance yana farfaɗowa, shi na ce ya ba da Talatarsa ya je ya bi wani layin, ya buɗe cikinsa ga wanda bai taɓa gani ba. A fayil ɗinsa na rubuta da hannuna: "Ba ya bin umarni. An yi masa nasiha. An tura shi, ya ƙi."

Wata Juma'a kujera ta bakwai ta wayi gari ba kowa. Na faɗa wa shugaba, ta ce a sa wani. Na ce a raina in an tashi zan kira gidansa. Rukuni na biyu ya shigo, wata ta suma, bututun jinin wani ya toshe, na koma gida ban kira ba. Asubahin Litinin aka kawo shi sashen gaggawa huhunsa cike da ruwa, sinadarin fotashiyam ya hau a jininsa, zuciyarsa ta tsaya kafin a kai ga haɗa shi da inji.

A taron bitar da aka yi, shugaba ta buɗe fayil ta karanta layin nan nawa da ƙarfi. Ta ce, "Ga shi nan, ke da kanki kika rubuta." Cikin minti 5 aka so rufe zancen. Na ɗaga hannu na ce mutumin nan damuwa ce ta kama shi tun mutuwar abokinsa, mu kuma muka yi masa ƙarya. Ta ce nan sashen wankin ƙoda ne, ba ɗakin hira ba, in kuma ina neman mai laifi in faɗa wa taro dalilin da ya hana ni buga waya ranar Juma'a. Aka ba ni takardar tuhuma. Na karɓa, don wayar nan haƙƙi ne a wuyana kuma ban sauke ba. Amma dokar ƙaryar ba ta shiga ko layi ɗaya na rahoton ba, wadda ta kafa ta kuma ita ta sa hannu a ƙasa. Na yafe abubuwa da yawa a shekara 9, wannan kam har yanzu yana tsaye mini a maƙogwaro.

Bayan mako biyu 'yarsa ta zo karɓar bargon da yake bari a kabad. Ta ce ya fi wata ba ya barci, yana ta cewa ya zama kaya a kansu. Ta ce sun sami takardar nan a aljihunsa, a ninke yadda ya ninke ta a gabana. Sannan ta ce, "Anti, ya kan ce a nan ne kawai yake da abokin magana."

Daga nan na shiga karatu, abin da ya kamata in yi tun farko. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2013 ya nuna cewa in likita ya zauna ya yi hira da masu wankin ƙoda, kusan 1 cikin 4 ake samu da ciwon damuwa, in kuma takardar tambayoyi suka cike da kansu adadin ya kan kusa 4 cikin 10. Na kalli rukunin safe na fara ƙirga kujeru, jikina ya yi sanyi. Na kuma karanta gwajin da ake kira ASCEND, wanda aka yi a Amurka aka buga a 2019. An raba masu wankin ƙoda da ke da damuwa gida biyu: wasu aka ba su maganin damuwa mai suna sertraline, wasu aka yi musu jinyar tattaunawa, irin wadda ake koya wa mutum gyara tunaninsa da ɗabi'unsa. Bayan mako 12 duka ɓangarorin sun samu sauƙi, masu shan maganin sun ɗan fi, amma su suka fi fama da illolinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda aka yi tattaunawar: a gefen kujera, inji yana aiki. Ba wanda aka ƙwace wa Talatarsa.

Sai na samo ƙaramar kujera mara jingina na ajiye a bayan teburinmu. A awa ta biyu, lokacin da jiki ya daidaita kuma murɗewar tsoka ba ta fara ba, nakan ja ta in zauna kusa da mutum ɗaya, minti 10. Zaman nan da kansa rabin aikin ne, don wanda ke tsaye a kanka kullum alamar tafiya yake yi. Ban fara da takardar tantance damuwa ta PHQ-9 mai tambayoyi 9 ba, ko da yake daga baya ta yi mini amfani. Tambayata ita ce, in abin ya yi maka nauyi, da wa kake so ka yi magana, kuma a ina?

Amsoshin sun kunyata zatona. Na ɗauka kowa ƙwararre yake so. Da yawa suka ce mu suke so, mu da muka san hannunsu da ranar da suka yi kuka. Wasu suka ce a haɗa su da wanda ya daɗe a kan inji, don maganarsa ta fi shiga kunne, shi ma ya san ƙishirwar nan. Wasu malamin addininsu. Wani saurayi da ke jiran dashen ƙoda ya ce ba zai iya magana a ɗakin ba, labule yana rufe ido amma ba ya rufe kunne, in dai saƙon waya ne zai rubuto, kuma ya rubuto, dogaye, da tsakar dare. Zancen ƙwaya kuwa yawancinsu sun yamutsa fuska, kuma ban ga laifinsu ba, mutumin da ke haɗiyar ƙwayoyi kusan 20 a rana da ɗan ruwan da aka auna masa. Amma akwai waɗanda maganin ne ya tashe su, akwai kuma waɗanda dole sai likitan ƙwaƙwalwa, musamman wanda ya fara zancen gara ya mutu. Irin wannan ba a jira, ba a kuma miƙa masa takarda a tsaye. A zauna, a yi ƙasa da murya, a ce masa wannan ciwo ne da ke zuwa tare da na ƙoda, a nemi likitan ya zo sashen in da hali.

Sauran abubuwan gajeru ne. Wanda ya yi fashi a kira shi kafin rukuni na gaba ya shigo, ba in an tashi ba. Kada a yi wa kowa faɗa a kan sikeli. Mai rakiyar nan da ke gyangyaɗi a benci ita ma a tambaye ta yadda take. Masu yin wankin ƙoda ta cikinsu a gida ba ma ganinsu sai wata-wata, kaɗaicinsu ya fi na kowa. Kalmar "ba ya bin umarni" kuma ban sake rubuta ta a fayil ɗin kowa ba.

Bara asibitin ya amince a riƙa tantance damuwa duk wata 3, aka kuma ba mu mai ba da shawara rana ɗaya a mako. A takardar sanarwar sunan shugaba ne a sama, a matsayin wadda ta kawo tsarin. Ban ce komai ba. Ku da kuka ga wadda ta shekara 4 tana jan ƙaramar kujerar nan kun sani.

Dokar ƙaryar ba a taɓa soke ta a rubuce ba, ni dai na daina bin ta. Watan jiya da muka rasa wani dattijo a rukunin rana, na nemi izinin iyalinsa, na bi kujerun ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu. Wata baiwar Allah a kujera ta uku ta yi masa addu'a, ta ce in ja mata labule, ta yi kukanta. Da na dawo cire mata allura ta riƙe hannuna ta ce, "Sista, in tawa ta zo ki faɗa musu, kada ki ce an canza mini lokaci." Na ce mata ai na kusa barin aikin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To wa zai faɗa musu?"

Na nuna mata ɗaya daga cikinku. Wadda na nuna ta san kanta, ƙaramar kujerar kuma tana nan bayan tebur inda na bar ta.