Ƙugin da ba ya fitowa sai mota ta ɗau hanya

A cikin koke-koken da ake kawo mana gareji, babu mai cin lokaci kamar na ƙugi. Mai mota zai shigo ya ce, "Malam, da na kama hanya sai in ji wuuu, kamar jirgin sama na bi na a baya, amma ga ta nan a tsaye lafiya lau." Kuma gaskiya ya faɗa. Irin wannan ƙara ba ta fitowa sai ƙafafu na juyawa. Shi ya sa na kafa wa yarana doka: kada wanda ya ɗauki sifana sai an fita da motar, mai ita na zaune a gefe.

Da dalili na kafa ta. Farkon buɗe garejina, wani bawan Allah ya kawo motarsa, yana gama bayani na ce boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ƙafar mota ke juyawa a kansa, na canza na gaba ɓangaren dama. Bayan kwana biyu ya dawo, ƙugi na nan daram. Sai a lokacin na durƙusa na shafa tafin hannuna a kan tayoyin baya, na ji sun ci tudu da kwari, wani wurin har da kaifi kamar haƙoran zarto. Ashe shokazoba ce ta mutu, taya na ta tsalle a kan kwalta tana cinyewa ba daidai ba. Na mayar masa da kuɗin aikina, amma abin bai bar raina ba, don kuɗin mutum ne ya tafi a kan zatona.

Yanzu in mun fita, abin da nake fara nema shi ne: ƙarar nan gudun mota take bi ko juyin inji? A hanyar da ba cunkoso sai in kai kilomita 60 ko 70 a awa, in sa giya a firi, in ɗage ƙafa daga totur. Inji zai lafa. In ƙugin ya lafa tare da shi, to hankalina ya koma kan salansa da robobin da inji ke zaune a kai, kuma galibi ko a tsaye aka taka totur za a ji shi. In kuwa inji ya yi shiru ƙugi na nan, maganar ta ƙafa ce. Motar da tayoyin baya ke tura ta tana da nata: in ƙarar na canza murya tsakanin taka totur da sakinsa, a duba aksul da mansa, da boris ɗin tsakiyar furofela, wato sandar da ke kai juyin inji ƙafafun baya.

Raba boris da taya, nan ne aikin yake, don muryarsu kusan ɗaya ce. Taya tana canza murya da hanya: a sabuwar kwalta ta yi laushi, a tsohuwa ta yi ruri. Boris ba ruwansa da wannan, nauyi yake ji. Sai in karkata sitiyari a hankali, hagu, dama. In na yi hagu, nauyin mota kan koma dama, to idan ƙugin ya ƙaru a nan, zargina na kan boris ɗin dama. Na ce zargi, don ƙara tana bin ƙarfen mota ta fito a inda ba nan take ba. Sau da yawa direba ya rantse gaba ne, a tarar da shi a baya. In har yanzu ina shakka, sai mu sauya tayoyin gaba da na baya mu sake fita. Ƙarar da ta bi taya ta tashi, ta taya ce.

Sannan a ɗora a jak. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. Amma rashin motsi bai wanke boris ba, don na motocin yanzu da ke zuwa a rufe da giris ɗinsu kan lalace ba tare da sun yi lako-lako ba. Abin da na fi yarda da shi: yaro ya juya taya, ni kuma in dafa sifirin da yatsu. Lafiyayye ba za ka ji komai ba. Wanda ya ci, za ka ji gurzarsa na hawowa hannunka kamar ana niƙa tsakuwa.

Wajen sa sabo ma ana kashe shi tun kafin ya fara aiki. Wanda aka buga da guduma, ko aka matse ta zoben ciki, ƙwallayensa kan yi wa hanyarsu tabo, ba da jimawa ba ƙugi ya dawo. Wasu kuma na ɗauke da zoben maganaɗisu na ABS, na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki, a fuska ɗaya. A juya shi baibai, fitilar gargaɗin ABS ta kama a gaban direba. Babban notin tsakiyar ƙafa kuwa da sifana mai ma'auni nake ɗaure shi, daidai yadda kamfanin motar ya ce.

Masu cewa bari su lallaɓa tukuna, ina gaya musu boris da ya fara kuka ba ya warkewa. Zafi yake ƙarawa, kuma yana iya cijewa ana tsakiyar gudu. In mun cire tsohon, nakan goge shi in miƙa wa mai motar in ce, "Yallaɓai, juya da hannunka." Da ya ji gurzar a yatsunsa, ba ya sake tambayar ko da gaske ya mutu.