Lissafin da ya kamata ka yi idan ka cika shekara talatin

Da zarar mutum ya cika shekara 30, sai ya fara ƙirga abin da tsaransa suka mallaka: wane ya gina gida, wance ta zama shugaba a wurin aikinta. Sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo, domin ba wanda yake nuna maka bashin da ke kansa. Lissafin da zai amfane ka, ƙanina, na biro da takarda ne. Ware masa awa biyu, ka kashe waya.

Fara da aiki. Jera duk wuraren da ka yi aiki ko sana'a, a gaban kowanne ka rubuta abin da ka iya a can wanda ba ka iya ba kafin ka shiga. Kada ka rubuta muƙami. Muƙami na ma'aikata ne, ranar da ka fita wani za a ba. Idan ka zo kan shekaru ukun ƙarshe biro ya tsaya, to nan matsalar take. Wannan tsayuwar ba ta zuwa da ciwo, shi ya sa ba a lura da ita: albashi yana shigowa, aikin ya zama jiki, kowa yana yabonka, alhali ka daina koyo.

Maganinta shi ne ka nemo sanarwar ɗaukar ma'aikata guda biyar ta matsayin da kake so ka kai nan da shekara biyar. Ja layi a ƙarƙashin sharuɗɗan da suka maimaitu. Wanda ya fito a uku daga cikin biyar kuma ba ka da shi, shi za ka koya a bana. Shi kaɗai. Rabin awa a rana, kwana biyar a mako, ya kama awa 130 a shekara. Masu shiga kwas huɗu lokaci guda sukan ƙare da tarin satifiket, hannunsu kuwa bai iya komai ba. Mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi, abin da ka taɓa yi zai ce ka nuna masa.

Sai kuɗi. Haɗa abin da ka kashe cikin watanni ukun da suka wuce, daga bayanan banki ko littafinka, ban da kintace, domin kintace kullum ƙasa yake faɗawa. Raba shi uku, ka sami na wata ɗaya. Sannan ka cire bashin da ake bin ka daga ajiyarka, ka raba ragowar da na watan. Amsar ita ce yawan watannin da za ka iya riƙe kanka idan aiki ya tsaya yau. Nemi ta kai uku zuwa shida. Ka kuma tuna da tsadar kaya. Raba 72 da kason da farashi ke hawa a shekara: in kashi 12 cikin ɗari ne, cikin kimanin shekara 6 kuɗin da ka ɓoye zai rasa rabin ƙarfinsa. Ƙarin albashi na kashi 8 a irin wannan shekarar ragi ne.

Je a auna maka jini ko da lafiyarka ƙalau. Hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, kuma daga 140/90 likitoci ke kiransa da sunansa.

Idan takardar nan ta nuna maka ya kamata ka sauya hanya, kada ka ajiye aiki a makon. Zuciya tana da zafi a irin wannan lokacin. Ba kanka wata uku. A cikinsu ka nemi mutum biyu da suka daɗe a hanyar da kake sha'awa, ka tambaye su wata nawa suka yi kafin ta fara ciyar da su, da abin da ya kori waɗanda suka fara tare. Kwatanta amsarsu da adadin watannin da ka samu a lissafin ajiyarka. In nasu ya fi naka yawa, ci gaba da aikinka, ka fara sabuwar hanyar da yamma da ƙarshen mako har ajiyar ta kai.