Gonar da Babanmu Yake Wucewa

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga yarinta shi ne bayan babanmu da sassafe, fartanya a kafaɗa, ya zo daidai gonarmu ya wuce bai shiga ba. Tsakiyar damina ce, shuka ta tashi, ciyawa na neman shan kanta, rumbu kuma ba ko ƙwaya. Gonar wani zai tafi ƙwadago, don a samu abin ɗorawa a wuta da yamma. Kwana uku a gonar mutane, kwana ɗaya a tasa. In kaka ta yi, ɗan abin da aka samu masu bashi na tsaye a kansa, sai a kai kasuwa lokacin da kowa ke kaiwa, a sayar da araha. Bayan wata biyar mu koma mu sayi irin hatsin nan da tsada.

Duk da haka na girma ina cikin masu cewa ba wa talaka tsabar kuɗi ɓarna ce. A ba shi taki, a ba shi iri, a koya masa sana'a, amma kada a danƙa masa kuɗi, zai kashe a banza. Yanzu in na tuna ina jin kunya, don a gidanmu ban taɓa ganin an kashe ko sisi a banza ba. Babu ma rarar da za a ɓarnatar.

Wannan zargi an auna shi. A 2014 wasu masana biyu na Bankin Duniya suka tattara bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, suna neman sanin ko masu karɓar tallafin kuɗi suna ƙara sayen giya da taba. Ba su ga hakan ba; a wurare da dama ma raguwa ya yi.

To ina kuɗin ke zuwa? A yammacin Kenya, inda ƙungiyar GiveDirectly ke tura wa mutane kuɗi ta wayar hannu, da farko da rufin ɗaki ake gane mabuƙaci: in jinka ce, an saka ka. Da kuɗin suka shigo, da yawa kwanon rufi suka saya. Na san akwai wanda zai taɓe baki ya ce ai wannan ba jari ba ne. Wanda ya taɓa tashi cikin dare yana jan buhun hatsi daga inda ruwa ke ɗiga ba zai faɗi haka ba. Jinka kullum cikin cin kuɗin gyara take, kwano kuwa sau ɗaya ne a huta shekaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasu suka sayi dabbobi, wasu suka biya kuɗin makaranta. An kuma lura cewa wanda ake ba shi kaɗan-kaɗan duk wata ya fi sa kuɗin a abinci, wanda aka ba shi a dunƙule ya fi sayen kadara.

Maƙwabcin da bai samu ba fa? Nan ne na daɗe ina shakka, don na ɗauka kaya za su yi tsada ya ƙara shiga uku. A yankin Siaya na Kenya an raba wa gidaje sama da 10,500 kimanin dala 1,000 kowanne, a wani gwaji da ya shafi ƙauyuka 653. Farashi bai tashi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma kowace dala ta haifar da hada-hadar kusan dala biyu da rabi. Mai kafa kwano ya samu aiki, mai injin niƙa ya samu ciniki, mai shago ya ƙaro kaya.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar lokaci. Talaucin manomi yana da watanninsa. A gabashin Zambiya suna kiran ƙwadagon gona ganyu, kuma halin da suke shiga kafin girbi shi ne na babanmu sak. Da aka ba wasu iyalai ɗan rance a daidai watannin yunwa (rance ne, ba kyauta ba), sai suka rage zuwa ganyu, suka tsaya a gonakinsu, amfanin da suka girbe ya ƙaru. Ba a kawo musu sabon iri ba, ba wanda ya koya musu noma. Kwanakinsu kawai aka mayar musu. A Bangaladesh kuma, a 2020, Hukumar Abinci ta Duniya ta tura wa gidaje sama da 23,000 kimanin dala 53 kowanne kafin kogin Jamuna ya gama cika. Da wannan ɗan kuɗin mutane suka kwashe iyali da dabbobi zuwa tudu, suka ajiye abinci. Da bayan ambaliya tallafin ya iso, da ta'aziyya ya zo yi.

Na taɓa ganin akasin haka da idona. Wata shekara aka rubuta sunan babanmu cikin masu samun tallafin taki. Takin ya iso hatsi ya riga ya fitar da kai. Ya sayar da shi rabin kuɗi, aka ce manoma ba su san ciwon kansu ba.

Ba na cewa kuɗi maganin komai ne. Ba ya saukar da ruwa, ba ya gina hanyar da za a fitar da amfani, kuma in asibiti ba magani, kuɗin aljihu ba zai haifar da shi ba. Ba kullum tasirinsa ke ɗorewa ba: a arewacin Yuganda an ba matasa jari a 2008, suka yi wa takwarorinsu fintinkau a shekarun farko, amma bayan shekara tara waɗanda ba su samu ba sun kusa kamo su a samun kuɗi. Ga kuma rigimar jerin sunayen masu karɓar tallafi, wadda ke iya raba wa da ƙane in aka sa son rai.

Kwanakin baya na zauna da babanmu, ya tsufa, ƙannena ke noma gonar yanzu. Na ce, "Baba, da a waccan shekarun an ba ku kuɗi a hannu, ba bashi ba, me za ku yi da su?"

Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Can ya ɗago ya ce, "Yaushe za a ba ni? Kafin noman farko, ko bayan an girbe?"