Abin da gilashin tace haske ya nuna mini daga kan Dala

Wata safiya a watan Disamba na hau Dutsen Dala da kyamara da ƙafarta, da wani ɗan gilashin tace haske mai juyawa, wanda ke barin hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce. Ina so in gwada da hannuna abin da tauraron ɗan Adam ke yi daga sama.

Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska. Idan ya faɗa kan ruwa ya dawo, yawancinsa kan kaɗa ta fuska ɗaya, a kwance. Abin ya fi ƙarfi idan an duba ruwan a karkace da kusan digiri 53 daga tsaye. Na'urar POLDER ta Faransa, da aka harba a kan tauraron Japan a 1996, ta riƙa ɗaukar hoton wuri ɗaya sau uku ta matatai masu bambancin digiri 60, sannan a haɗa lissafin. Haka na yi, ina juya gilashin: hoto a digiri 0, a 60, a 120.

Kududdufan cikin gari na nufa. Wanda ruwansa ke a buɗe sai ya yi baƙi ƙirin a hoto ɗaya, ya yi fari fat a wani. Wanda kainuwa ta rufe kuwa bai canja sosai ba. Rufin kwano ma, duk ƙyallinsa, bai bi ruwa ba, don ƙarfe ba ya sa haske ya kaɗa ta fuska ɗaya kamar ruwa. A hoto na yau da kullum duka ukun ruɗar ido suke yi.

Hotunan farko duk sun tafi a banza, domin na bar kyamara tana daidaita haske da kanta, sai ta shafe bambancin da na je nema. Sai da na kulle ta. Na kuma ɗauka nisa ba komai ba ne, ashe kududdufan can gefen gari ana hango su a kwance ƙwarai, alamar ta yi rauni.

Sai hazo. Wajen hantsi ƙurar hunturu, wadda galibi daga Bodele ta ƙasar Chadi take tasowa, ta lulluɓe gari, Goron Dutse ma da ƙyar ake ganinsa. Na ji haushi, amma ai irin ƙurar nan na cikin abubuwan da POLDER ta auna, kuma tauraron PACE na NASA da aka harba a 2024 yana ɗauke da na'urori biyu irin POLDER. Ni dai na naɗe kayana, na ce sai damina ta wanke sama in dawo.